Ranar da Aka Fasa Furun

A shekarar da ruwa ya cika Harami har wasu suka yi ɗawafi da iyo, alkama ta yi wuya a Makka. Matata tana jego, yunwa ta hana nononta kawowa.

A unguwarmu ba a gasa gurasa a gida. Mace takan kwaɓa garinta, ta jera a katako mai alamar gidanta, a kai furun, wato tanderun unguwa. Ran nan surukata ta kwaɓa ragowar garinmu, na kai da kaina.

Na tarar da kawuna a ƙofar furun yana hutawa. Ɗan garuwa ne, gidajen attajirai yake kai wa ruwa, kuma ba ya raga musu kan rowa. In ya ga yaro haƙarƙari waje, sai ya yi ƙwalla. Na sake kawo masa maganar da na ji wajen wani da ya yi dako a Sudan, cewa a tara dukiyar gari a raba daidai.

Ya ce, "Ɗan nan, wa zai riƙe mudun? Kai? Ai ta gidanku za ka fara."

"To Kawu, mu zuba ido ke nan?"

"A kunyata marowaci har ya buɗe hannu. Taro ne nake tsoro. Ɗaiɗai na san kowa, in sun haɗu ban san su ba."

Muna cikin haka sai ga mutane da ihu, wai mai furun ya ɓoye wa wani attajiri buhunan gari. Kawu ya tare ƙofa da hannuwansa.

"Ya jama'a, haram alaikum! Abincinku ne a ciki!"

Suka bi ta kansa, suka fasa ƙofar. Ko buhu ɗaya ba a samu ba, sai kwaɓin unguwa da aka tattake. Wani maƙwabcinmu da ya fi kowa ihu ya durƙusa, ya ɗago katakon gidansa. Kawu, bakinsa na jini, ya dafa kafaɗarsa.

"Tashi, ya akhuya, ɗan'uwana. Yunwa ce."

Da la'asar Kawu ya hau benen wani attajiri da ya saba zagi, ya sauko wa matata da kwanon shinkafa. Ta ci, jaririyar ta sha.

An rasa kwaɓin gida goma sha ɗaya, har da namu, da ƙofar furun, da haƙoran Kawu biyu. Mai furun, wani tsoho ɗan Yaman, ya koma ƙasarsu bayan Hajji.