Rasuwar Injiniya Sai-Na-Ƙirga

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talatar makon jiya, da hantsi, Allah Ya karɓi ranka bayan gajeriyar jinya, Injiniya. Labarin ya iske mu a wurin aiki, muka kashe injin kwaɓa siminti muka nufi gidanka.

Ni magini ne, kuma na daɗe ina aiki a ƙarƙashinka. Ba zan ce kana da sauƙin sha'ani ba, don kai ma ba za ka so a yi maka ƙarya ba. Aikinka lissafin rodin da zai shiga harsashin gini, musamman irin harsashi guda mai faɗi da ke ɗauke da ginshiƙai uku ko huɗu. Ba a zuba kankare sai ka sauka ramin da kanka, ka taɓa kowane rodi da yatsa. Motar tsakuwa ta jira, mai gini ya yi ta cika yana batsewa, amsarka ɗaya ce. Daga nan leburori suka laƙaba maka Sai-Na-Ƙirga, har kai ma ka koma amsawa.

Masu gini sun sha tambayarka amfanin shimfiɗar rodi ta sama, tunda ga wata a ƙasa. Ba ka doguwar magana. Sai ka tsinci kara, ka ɗora tsakiyarsa a gwiwa, ka danne bakinsa biyu har ya tsage ta sama. Hannuwanka su ne ginshiƙai, gwiwar kuma ƙasa ce da ke turo harsashin daga ciki. Wanda ya gane ya gane. Wanda bai gane ba, ka tattara zanenka ka bar masa aikinsa.

Ka gina wa mutane da yawa, amma iyalinka a gidan haya ka bar su. Bana ne ka haƙa harsashin naka, aka ɗaure rodi, ajali ya riga ka ƙirgawa. Ga damina ta kawo kai, ramin ya fara tara ruwa, mai gidan hayar kuma yana son gidansa. Bayan an tashi daga zaman makoki, ƙaninka ya tara mu a tsakar gida. Ya ce a cire rodin sama a yi ginshiƙai da shi, ginin ya yi sauri, ai gidan iyali ne ba asibiti ba. Da kyakkyawar niyya ya faɗa.

Maiɗakinka tana daga bakin ƙofa cikin takaba. Ta sa hannu ta zaro kara daga jikin tsintsiya, ta ɗora a gwiwa, ta karya. Sannan ta dube ni.

"Malam magini, ka sauka ka ƙirga masa. In sun cika, ku zuba."

Washegari na sauka, na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Sun cika, sama da ƙasa. Ban taɓa jin nauyin wani aiki kamar wannan ba, kuma a cikin ramin nan ne na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata makwancinka. Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinka, da 'ya'yanka, da ƙaninka. Allah Ya ba su haƙuri, Ya sa su shiga gidan nan lafiya.