Ni Na Riƙe Ƙafafun

Idan na shiga gidan barka yanzu, ba na tambayar me aka samu. In ajiye sabuluna, in ce Allah ya raya, in nemi gefen tabarma in zauna. Matan Gaya sun ɗauka girman kai ne irin na tsohuwar malamar firamare. Su yi ta ɗauka. Ni na san abin da tambayar nan ta jawo mana a gida.

Yayana manomi ne a Balan. Matarsa ta yi ɓari biyu kafin wani ciki ya zauna, don haka ranar da aka aiko cewa ta sauka, ko sallamar hedimasta ban tsaya yi ba, na tare ɗan acaɓa. Na tarar da tsakar gida cike da mata, amma ɗakin mai jego an saki labule, ba a barin kowa ya shiga. Innarmu ce ta jawo hannuna ciki, ta ce da ungozoma, "Buɗe mata, ita ce 'yar boko."

Ungozoma ta kwance zanin. Jinjiri ne lafiyayye, jajir, yana tsotsar hannu. Sai dai abin da yake gabansa ya fi na mace, bai kai na namiji ba. Na duba, na sake dubawa. Bokon da Inna take taƙama da shi bai tsinana min komai ba.

"Mata-maza ce," in ji ungozoma, murya ƙasa-ƙasa.

A waje kuwa mata sai tambaya suke, me aka samu, me aka samu. Inna ba ta iya jin tambaya ta ƙyale. Ta ɗaga labule ta ce, "Mace ce." Aka rangaɗa guɗa. Kafin la'asar labari ya kai Kademi, washegari dangin mai jego na Gafasa suka aiko da kayan barka na 'ya mace. Magana ta riga ta fita, saura a sa jikin jinjiri ya bi ta.

A gidanmu ranar kwana uku wanzami yake zuwa cire beli. Wanzaminmu ne na gado, shi ya yi wa yayana kaciya. Inna ta nuna masa. Ya ce ai ya taɓa gani, ba wani abu ba ne, a rage shi tun jiki yana ɗanye, kafin ranar suna da mata za su riƙa karɓar jaririya hannu-hannu, wata mai bin diddigi ta buɗe zani. Aka leƙa zaure aka gaya wa yayana, ya ce duk yadda Inna ta gani. Mai jego ta juya fuska bango tana kuka, ta ce a bari mana a kai asibiti. Inna ta ce, "Kafin ku dawo duk ƙasar Gaya ta ji."

To ni fa? Ni da bakina ba ya mutuwa a taron malamai, ni da nake bin gidaje ina yi wa mata faɗa kan allurar riga-kafi. Na dai ce, "Inna, tana fitsari lafiya, tana kama nono, me ya yi zafi?"

Ta ce, "In ta girma ke za ki aure ta?"

Hannun Inna yana rawa saboda tsufa, ungozoma ta danne kafaɗu, sai aka ce ni in riƙe ƙafafu. Na riƙe. Ba zan rubuta abin da na gani ba. Wanzami ya barbaɗa garin magani, ya wanke askarsa ya tafi. An yi suna da rago da fura, mata suna ta cewa da ni take kama.

Da ta isa shiga makaranta na ɗauko ta, ta taso a hannuna a Gaya. Ba ta da hayaniya, aikinta ke nan kwance rediyona ta mayar. Lokaci-lokaci fitsari yana yi mata zafi, in ga ta fito daga banɗaki da jan ido. Muka riƙa cewa ciwon sanyi ne, a jiƙa mata saiwa. Wallahi na san ba sanyi ba ne.

Sa'anninta suka fara ƙirgen dangi, ita shiru. Maimakon haka sai murya ta buɗe. A Islamiyya idan ana biya karatu tare, muryarta ta fita daban, yara su tuntsire da dariya. Ta daina zuwa. Ta fara sa niƙabi, maƙwabta suna yaba min tarbiyya. Wata safiya na shiga ɗaki na same ta da reza gaban madubi tana kankare haɓa, har ta yanke. Lokacin Inna ta rasu, wanzamin ma ya rasu, babu wanda zan je in zazzage wa. Na ce ta sa hijabi mu tafi Kano.

Mun yi ta sintiri a wani babban asibiti, yau ɗibar jini, gobe hoto. A ƙarshe likitar, mace ce, ta zaunar da mu ta ce jikin ya fi karkata wajen namiji. Ta tambayi wa ya yi yankan, na ce wanzami. Ba ta yi min faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ce, "Malama, babu abin da yake neman ran jaririn nan a lokacin. Irin waɗannan yara a kawo su a duba, wasu suna buƙatar magani, amma yanka ba abin gaggawa ba ne. A bar su su girma su faɗa da bakinsu. Abin da aka cire kuwa, ba ni da inda zan samo shi."

Sai ta juya ta tambayi yarinyar yadda take jin kanta. Yarinyar ta ɗage niƙabi ta ce, "Tun ina ƙarama na san ni ba mace ba ce. Ba wanda ya taɓa tambayata."

Yanzu a Kano yake zaune, yana gyaran waya, yana sa kaftani da hula. Ba ya zuwa Balan, don can har gobe da sunan mace suke kiransa. Maganar aure ya ce kada a ƙara yi masa, ya san abin da aka bar masa. Ni kaɗai yake zuwa gaisarwa, shi ya sa na yi shekaru ina ɓoye masa nawa laifin. Tsoro nake ji kada ni ma ya daina zuwa.

Da kakar da ta wuce ya zo, muna zaune da hantsi muna ɓarar gyaɗar da babansa ya aiko. Bai ɗago kai ba ya ce, "Goggo, jinjiri ba ya tsaya wa aska shi kaɗai. Wa ya riƙe ni?"

Zan iya cewa Inna, tana kabari ba za ta ƙaryata ni ba. Na ce, "Ungozoma ta riƙe kafaɗu. Ni na riƙe ƙafafun."

Ya ɓare gyaɗa ɗaya, ya jefa a faranti. "Na yi kuka?"

"Ka yi, ɗana."

"Kuma ba ki sake ni ba?"

"Ban sake ka ba."

Ya gyaɗa kai. Ya ƙarasa ɓare wadda take gabansa tsaf, ya share ɓawon ya kai shara, ya yi min sallama kamar kullum. An yi ƙaramar Salla, an yi babba, gyaɗar tana nan a kwano na rufe, bai zo ba.