Takardar Da Na Karanta A Teburin Mai Shayi

Akwai wata safiyar Laraba a Kongolam, kusa da Daura, da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. A shekarun farko ne bayan an ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, ina aikin rajistar marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti a Daura. Karatuna bai wuce sakandare ba, amma an san ni da bin ƙa'ida.

Wata malamar jami'a, da muke kira Dakta, ta zo bincike kan ƙyamar da ake nuna wa masu tarin fuka, da irin yadda ma'aikatan lafiya ke yi musu magana. Ta ɗauke ni in riƙa zuwa wurin waɗanda suka warke ina yi musu tambayoyi. Ta ba ni matakai uku: na farko in gabatar da kaina, na biyu mutum ya karanta takardar amincewa, idan bai iya ba in karanta masa, na uku in fara tambaya.

Mutum na huɗu a jerina mai shayi ne a bakin tashar Kongolam. Ya sha magani ya warke sarai, kuma matarsa kaɗai ta san ya yi ciwon. Na same shi da direbobi kusan shida a kan benci. Na gabatar da kaina, na miƙa masa takarda. Ya juya ta, ya ce, "Malam, ni ajami na iya. Bokon nan sai ku."

Ban ja shi gefe ba. Mataki na biyu kawai nake gani. Na gyara murya na karanta yadda aka rubuta: an zaɓe ka ne saboda kana cikin waɗanda suka yi jinyar tarin fuka.

Wani direba ya ajiye kofinsa a hankali. Wani ya tofar da na bakinsa, ya ce, "Au, mai shayi, ashe da tari kake haɗa mana madarar?" Aka yi dariya, amma benci ya watse. Mai shayin bai zage ni ba. Ya dube ni ya ce, "Ka gama, Malam, ko akwai saura?"

Daga ranar ban sake samun natsuwa ba. In zauna a rajista in tashi, in buɗe littafi in rufe. Na koma Kongolam ran Juma'a, na tsaya daga nesa: ruwa na tafasa, biredi a jere, benci babu kowa. Na koma ran Lahadi, haka. Kullum ina ce wa kaina ai ƙa'ida na bi, kullum zuciyata tana ƙin yarda. Ran Litinin na kasa daurewa, na faɗa wa Dakta komai, bi da bi.

Ta ce, "Ni na rubuta takardar da boko. Shekara nawa ina koyar da cewa ana barin wasu a baya wajen bayanin lafiya, ga shi na yi da hannuna. Tashi mu tafi."

Muka shiga motar haya. Da muka isa ta zauna a bencin mai shayin cikin hijabinta, ta ce a haɗa mata mai kauri, ta shanye a gaban 'yan tasha. Ta yi musu bayani cewa wanda ya gama magani ba ya sa wa kowa. Wani ya ce, "Hajiya, ke likita ce, kina da maganinki a jaka." Mutum biyu suka sha don kunyarta.

Da za mu tafi na ba mai shayin haƙuri. Ya ce, "Na yafe, Malam. Dakta, na gode. Amma kin sha kin tafi. Ni zan zauna da su."

Bayan wata guda na koma, na tarar da mai sayar da rake a wurin. Aka ce mai shayi ya naɗe teburinsa ya tafi noma wajen wansa a Baure.

Dakta ta sa aka rubuta takardar da ajami, ta kuma ƙara mataki a gaban duk sauran: a fara tambayar mutum inda yake so a yi maganar. Yau babbar farfesa ce, an ce duk shekara sai ta ba ɗalibanta wannan labari, kuma laifin kanta take ɗorawa. Ni na san bakin wa ya karanta.

Abin da na koya shi ne, kafin ka buɗe baki kan ciwon mutum, ka fara duba su wa ke zaune a gefensa. Sirrinsa abincinsa ne, kuma idan ya fita, haƙuri ba ya mayar da shi.