Malam Maharazu da Sunan Surukin Salamatu

Duk wanda ya yi karatu a kwalejinmu ya san Malam Maharazu, ko da bai so ba. Shi ke koyar da dabarun bincike da rubuta kundin kammala karatu, ni kuma Allah ya jarrabe ni da zama ofis ɗaya da shi shekara da shekaru. Ɗan Kibiya ne, ɗan manomin albasa, amma a Rano yake zaune, yana zuwa aiki a kan wani tsohon babur da ake jin tafiyarsa tun kafin a hango shi.

Tambayarsa ɗaya ce a duniya: "In ji wa?" An ce tun yana ƙarami, in aka ce a kasuwa albasa za ta yi tsada bana, sai ya ja rigar mutum ya nemi wanda ya faɗa. Matarsa Huseina ta taɓa ce masa hadari ya haɗo, ya shigo da babur. Ya ce in ji wa. Ta bar ruwan ya ba shi amsa.

Ƙa'idojinsa biyu ne. Magana ba ta shiga kundi sai da sunan mai ita, sannan shi ba ya rubuta wa ɗalibi ko harafi ɗaya, sai dai ya zagaye kuskure da jan biro ya miƙo maka abinka. Masu kwafe daga intanet kuwa sun ga ta kansu. Akwai wanda ya kwaso kundi sukutum, har da shafin godiya ga matar wani bawan Allah a wata ƙasa. Malam ya kira shi ya yi masa murnar auren da bai gayyace mu ba.

Ana haka Salamatu ta faɗo hannunsa. Bafillatana ce, matar aure, daga wata ruga kusa da Zurgu. An yi mata alkawarin koyarwa a makarantar 'ya'yan makiyaya ta rugarsu in ta gama bana, in kuwa ta maimaita shekara, a ba wani. Bincikenta a kan burtalin shanu ne, tsofaffin hanyoyin kiwo da gonaki suka cinye tsakanin Rano da Kibiya. Aiki ya yi kyau, har Malam ya yaba, abin da ban taɓa ji ba. Sai dai kusan kowane shafi cewa yake, "wani dattijo ya ce."

Malam ya zagaye. Ta mayar da shi "dattijon gidanmu." Ya sake zagayewa. Ta kawo "kakan yarana."

"Malama Salamatu," in ji shi, "mutumin nan ba a yanka masa rago ba ne?"

Ta sunkuyar da kai. "Malam, surukina ne. Baban maigidana."

"To, rubuta sunansa."

"Subhanallahi! Malam, ni?"

"Ai ba faɗa na ce ki yi ba. Rubutu."

"Malam, hannu ma yana da kunya."

Na yi ta dariya har sai da na ƙware. Na ce masa ya rubuta mata kawai a wuce wurin, ya harare ni kamar na ce ya sha giya.

Ranar kare kundi ta zo. Baƙon malami daga Kano, Dokta Haliru, shi ma ba ya wasa da majiya. Ina cikin masu zama, kuma na san yarinyar nan za ta yi asarar shekara kafin ta buɗe baki da sunan nan. Malam Maharazu kuwa babu shi babu dalilinsa. Dokta ya juya shafi, ya juya, ya ɗago.

"Wane ne wannan kakan yaran?"

Salamatu ta ja hijabi ta rufe fuska. Dokta ya ce bincike babu majiya labarin shayi ne, ya fara rufe kundin. A daidai nan muka ji kukan babur.

Malam ne, wando duk taɓo, ya goyo wani dogon tsoho mai malafa da sanda. Tun asuba ya tafi Zurgu. Ya leƙo yana haki. "Dokta, ga majiyar nan na kawo."

Sai dai tsohon da ya ji surukarsa na ciki, ya ce allambaram ba zai shiga ba. Aka kai masa kujera bakin taga, ya zauna ya juya mana ƙeya. Ita ma ta juya ta fuskanci bango. Haka Dokta ya dinga ɗaga murya yana tambaya ta taga, tsoho na amsa wa bishiyar darbejiya. Ya faɗi sunansa, Lado ɗan Manu, ya lissafa burtalin da ya bi da ƙafarsa.

"Madalla," in ji Dokta. "Saura ya hau takarda. Malama, ga biro."

Salamatu ta cusa hannuwanta cikin hijabi. Na ga kuka take. Na dubi Malam Maharazu, ya dubi ƙasa. Can ya zaro jan biron nan nasa, ya ja kundin gabansa, ya rubuta sunan a shafin manazarta. Wallahi har ya ba ni tausayi. Dokta ya sa hannu.

Da za a mayar da tsoho, ya ce a nuna masa inda aka sa shi. Malam ya miƙa ta taga. Tsoho ya ɗora yatsa a kan jan rubutun, ya daɗe.

"Malam, wannan ni ne?"

"Kai ne, Baffa."

"To, a adana. Burtalin dai ya tafi."

Yanzu Salamatu na koyarwa a rugarsu. Ni kuwa har gobe in na so tsokana sai in ce, "Malam, an ce ka taɓa rubuta wa ɗaliba." Wannan ce kaɗai maganar da bai taɓa tambayata in ji wa ba.