Kujerar Baya

Ko yau na ji warin kananzir, Baffa nake tunawa. Ƙanin babanmu ne, autan Kaka, kuma haka kakinsa na sojan sama yake wari duk sanda ya zo hutu daga Kaduna. Ya ce man jirgi ɗan'uwan kananzir ne.

Kaka ba ta taɓa son wannan aiki ba. Mutumin da aka haifa a unguwar Dogo Tebo, ga kasuwar shanu nan kusa, me ya kai shi sama? Wata damina, muna zaune a rumfa ana ɓare gyaɗa, ya ɗauki tsinke ya zana mata jirgin a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya ce na farko da Turawa suka ƙera da katako da zane aka yi fukafukansu, na yanzu kuwa ƙarfe ne. Amma tun can jirgin koyo kujera biyu gare shi, ɗalibi a gaba, malami a baya. Sandar tuƙi ma biyu ce, a haɗe suke, in ɗaya ta motsa ɗayar ma ta motsa.

"In na kuskure, Inna, sai ya karɓa."

"Au, ashe da babba a bayanka?" in ji ta. Daga ranar ta samu barci.

Abin da bai gaya mata ba, akwai ranar da malami yake sauka ya bar ɗalibi ya tashi shi kaɗai. Babanmu ya sani, ya ce kada wanda ya kuskura ya faɗa mata.

A irin wannan tashin Baffa ya rasu, da kaka, ana yankan gero.

Ana zaman makoki Kaka ta kira babanmu. "Malamin nasa fa? Shi ma yana da uwa. A je a yi musu gaisuwa." Babanmu ya sunkuyar da kai ya ce za a je.

Har ta koma ga Allah ba wanda ya iya gaya mata kujerar baya ba kowa.

Yanzu jirage sun yawaita a samanmu tun shekarun rikici, yara ko ɗaga kai ba sa yi. An rushe rumfar an yi shaguna. Ni na san gaskiya, na kuma wuce shekarun da Baffa ya yi a duniya nesa ba kusa ba. Amma in na ɗaga hannu zan yi masa addu'a, yadda Kaka take yi nake yi: Allah ya jiƙansa, shi da malaminsa.