Giɓin Baba a Bango

Ƙyas ɗin nan da waya ke yi in an ɗauki hoto, har yau ba na son jin sa. Jiya jikata ta saita ni da tata, wai "Hajiya, ɗan murmusa mana." Na ce ta sauke min abin nan daga fuska.

Ku yaran yanzu ba ku san hoto ba. A unguwar Gyaɗi-Gyaɗin da na tashi, babba in zai yi hoto sai ya sa babbar riga, ya zauna a kujera, hannuwa bisa gwiwa, baki a rufe. Mai hoto ya shige baƙin ƙyallensa, ya ƙirga uku. Kafin ukun nan babu hoto, haka kowa ya sani. Babanmu ya fi kowa rufe baki, don haƙoransa huɗu na gaba tun siyasar farko aka zubar da su da kulki, da ya ƙi barin jam'iyyar talakawa. Abokan hirarsa na ƙofar gida suna girmama giɓin nan kamar rawani.

Daminar da soja za su miƙa mulki, sai ga ɗan ƙanwar Baba, wanda a ɗakin innarmu ya girma, muna ce masa Yaya. Ya fito takara a jam'iyyar masu kuɗi, Baba kuwa ya riga ya gaya masa kada ya sa ran ƙuri'arsa. Tare suka zo da wani mai ɗan ƙaramin akwati rataye a wuya.

Yaya ya ce, "Kawu, ba siyasa ta kawo ni ba. Hoto kawai nake so, don 'ya'yana."

Ana jiran kujera, Yaya ya dafa kafaɗar Baba, ya tuna masa ranar da ya bi agwagwa ya afka kududdufi, Baba ya tsamo shi ta ƙafa. Baba ya tuntsire da dariya. Na ji ƙyas. Ba wanda ya ƙirga komai.

Bayan 'yan kwanaki aka aike ni niƙa, na ga bakin Baba a buɗe a hotunan takarar Yaya da aka manna a jikin bangaye, tun daga titin gidan zu har Daurawa. Ni da ban san rubutu ba, da murna na ruga gida. Telan layinmu ne ya karanta mana: wai tsohon ɗan gwagwarmaya ya dawo hanya.

Da la'asar Baba ya shimfiɗa tabarma kamar kullum. Ba wanda ya zauna. Amininsa, wanda aka daka su tare, ya tsaya daga nesa. Baba ya rantse masa bai san an ɗauka ba.

"To wa ya yi maka cakulkuli, Malam?"

Har Baba ya rasu mutumin nan bai sake taka tabarmarmu ba.

Hoton yana nan a falon 'ya'yan Yaya, an faɗaɗa shi, an sa masa gilashi. Suna nuna wa baƙi, wai dubi yadda Kawu ke ƙaunar babansu. Abin da ke cina kuwa, ba ƙarya suke yi ba. Dariyar ta gaskiya ce, ita aka sace.

Shi ya sa na ce wa jikata, in hotona take so, ta kawo kujera, ta ƙirga uku.