Madubin Hagu

A garejin kamfanin dakon kaya babu mai kiransa da sunansa, Madubi suke ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Shekara talatin da ɗaya yana jan tirela, bai taɓa tayar da mota ba sai ya goge madubansa biyu da wani tsumma da yake ajiyewa a aljihun ƙofa. In ya gama sai ya hau kujera, ya kafa ido a gaba kamar yana kan hanya, ya sa duk wanda tsautsayi ya kawo kusa, maigadi ne ko bakanike, ya faro daga ƙarshen motar ya tako a hankali har zuwa kai. Shi kuma yana cewa, "Na gan ka, na gan ka," har mutum ya iso ƙofa. Inda ya daina ganinsa, nan zai sauko ya sake murɗa madubi. A yi ta dama, a yi ta hagu. A cewarsa direban kirki ba ya ɗauke ido daga hanya, da wutsiyar ido yake ganin madubi. Sauran direbobi sun sha shayi sun kama hanya, shi yana nan yana sa dattawa fareti. Sun yi dariyar har sun gaji, amma a duk shekarun nan ko akuya bai taɓa bugewa ba, kuma ba ya bari kowa ya manta da hakan.

Wata safiya yana ɗaura takalmi ɓarin jikinsa ya saki. Kwana goma sha ɗaya ya yi a asibiti. Ƙafa ta dawo, hannu ya dawo, bakin da ya karkace ma ya miƙe. Ranar sallama likita ta zaunar da shi da babbar 'yarsa, ta ce idanunsa lafiya lau suke, amma ciwon ya taɓa wurin da ƙwaƙwalwa take karɓar abin da yake hagu, kuma da wuya ya dawo. Madubi ya saurare ta da ladabi, har da godiya. Suna fita ya ce wa 'yar tasa wannan likitar ko baro ba ta taɓa turawa ba. Shi da yake karanta lambar mota daga tsallaken titi za a ce ba ya gani?

Manajan kamfani ya yi masa kara. Ya ce za su riƙe masa motarsa wata uku. In ya kawo takardar gwajin ido mai kyau ya koma kujerarsa, in babu, dole a ba wani. Madubi ya ce ai wata uku ma ya yi yawa.

Zaman gida kuwa bai karɓe shi ba. Mutumin da ya san kowane rami na hanyar kwana biyu bai san inda ake ajiye cokali a gidansa ba. Yakan buga kafaɗar hagu a bakin ƙofa ya zagi kafintan da ya mutu tun tuni. Yakan nemi kofinsa ya yi ta faɗa, alhali kofin yana kusa da gwiwar hannunsa. Matarsa, wadda tun aurensu a hagunsa take zama, ta ɗauke kujerarta ta mayar dama, ta riƙa juya masa faranti in ya cinye rabi. Shi a ganinsa tsufa ne ya fara sa ta sababbin halaye.

Saura mako biyar a yi gwaji surukinsa, mijin babbar 'yar, ya nuna masa wani wasa a waya: mutum yana zaune a ɗaki yana jan tirela a kwamfuta, da sitiyari da birki da komai. Madubi ya kalla sau uku. Ya yanke cewa abin da ke damunsa tsatsa ce kawai, hannu da ido sun kwana biyu ba su yi aiki ba, in ya motsa su za su tashi. Suruki, bawan Allah mai son a zauna lafiya, ya ce yana da tsohuwar kwamfuta da sitiyarin wasa da ya daina amfani da su, allon kwamfutar ne kaɗai babu. 'Yar ta harari mijinta, amma magana ta riga ta fita.

Shagon da suka je shi da 'yar cike yake da alluna, kowanne yana nuna kifaye iri ɗaya suna iyo. Akwai manya masu lanƙwasa kamar gilashin gaban mota, kuma a gabansu Madubi ya fara tsayawa, har sai da ya ji kuɗinsu ya matsa gaba da sauri. Mai shagon ya kai su can ƙarshen kanta, wurin wani mai inci ashirin da huɗu, mafi araha a cikin waɗanda aka yi don wasa. Ya ce wannan yana sabunta hoto fiye da sau ɗari a daƙiƙa ɗaya, ba ya makara, ba ya jan inuwa. Madubi bai gane rabin bayanin ba, sai ya duba shi yadda ya saba duba taya: ya ƙwanƙwasa bayansa, ya leƙa ramukan waya, ya girgiza ƙafar. Mai shago ya kunna, ya mai da fuskar allon fara fat, sannan baƙa, sannan ja, ya ce a duba ko akwai ɗigon da ya mutu. Wannan ya burge Madubi ƙwarai. Ya ce wa 'yarsa ga mutumin da ya san aikinsa, ba ya sakin mota sai ya zagaya ta.

Haɗawar ta cinye musu yini guda. Ya ƙi karanta takardar da ke cikin kwali, wai wanda ya sha sauke giyar tirela ba zai nemi izinin takarda a kan noti ɗaya ba, ya kuwa ɗaura ƙafar a baibai, allon ya sunkuya kamar mai neman gafara. 'Yar ta kwance ta gyara. Teburin yana rawa, aka naɗe wani guntun kwali aka cusa a ƙarƙashinsa. Ya auna nisan allon da tsawon hannunsa, ya ɗora matashi biyu a kujera don ya samu tsayin da ya saba, ya ɗaure sitiyarin a bakin tebur. Da aka kunna, allon ya ce babu abin da yake shigo masa. Aka cire waya, aka hura, aka mayar, har sai da aka kira suruki, ya ce a sauke wayar zuwa ramin ƙasa.

Sai ga hanya ta bayyana, doguwa, da farin layi a tsakiya, da madubi ɗaya a kowane gefen allon. Madubi ya ɗora hannu a kan sitiyarin roban nan. Ya yi farin ciki irin wanda bai yi ba tun kafin asibiti, har matarsa ta juya baya tana gyara labulen da babu abin da ya same shi. Kafin ya taka totur sai da ya ɗauko tsohon tsummansa ya goge allon.

Farin cikin bai kai minti ashirin ba. A shatale-talen farko wata ƙaramar mota ta fito daga hagu, ya ji ƙara, motarsa ta tsaya cak. Ya ce kuskuren sabon shiga ne. Ya sake tashi, zai sauya layi, ya murƙushe wata. Washegari ya bugi bas, rana ta uku ya kwashe shingen gada. Kullum ta hagu. Wasan kuma ba shi da kunya, duk karo sai ya rubuta masa ɓarnar da ya yi da jan rubutu. Mutumin da bai taɓa buge akuya ba ya zama annoba a kan titi cikin mako guda.

Ya zauna ya yi nazarin abin kamar yadda yake nazarin inji, ya gano laifin. In ya juya ya kalli gefen hagu na allon, komai yana nan, madubi da motoci. In ya mai da ido tsakiya, gefen ya ɓace. Ke nan allon yana makara ta hagu, ba ya kawo hoto sai an tsare shi da ido. Abin araha dai, ya ce, ai ga irinta nan.

Ya mayar da shi cikin kwali ya koma shago. Mai shagon ya gwada bai ga komai ba, amma ya dubi furfurarsa ya sauya masa da wani. Na biyun ma halinsa ɗaya da ɗan'uwansa. Da ya koma karo na uku, da 'yarsa a bayansa da kwamfutar da sitiyarin gaba ɗaya a tasi, mai shago ya haɗa komai a kan kanta ya ce Baba ya tuƙa ya gani. Madubi ya tuƙa. Ba a jima ba wata farar mota ta taho ta hagu, ya afka mata.

"Ka gani ko?" in ji Madubi. "Daga ina ta fito?"

Mai shago ya dubi 'yar, ta sunkuyar da kai. Ya sassauta murya ya ce, "Baba, tun daga can nesa nake ganinta a madubi."

Madubi ya ce dama bakinsu ɗaya, masu shago da likitoci, kowa yana kare hajarsa. Ya tattara kayansa da kansa, ya ƙi a taya shi, ya bugi ƙofar shagon da kafaɗa a hanyar fita. A tasi 'yar ta so ta yi magana, ya ce in ta buɗe baki zai sauka ya tafi a ƙasa. Ta yi kukanta shiru tana zaune a hagunsa, bai ma sani ba.

Bayan wannan ya daina zagin allon, kuma hakan ya fi zagin tayar wa matarsa hankali. Yakan zauna a gabansa tun safe, ya tuƙa, ya yi karo, ya sake farawa. Ya gwada matsar da allon dama. Ya gwada karkata kujera. Ya gwada waiwaya hagu kowane daƙiƙa biyu, sai ya riƙa afka wa na gabansa. Abinci ya daina shiga. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a gangaren da birki ya taɓa ƙwace masa, don a can ya san abin da zai taka.

Saura kwana huɗu gwaji, da yamma, rana tana shigowa ta taga, ya tsayar da motar a gefen hanya cikin wasan, ya ja birkin hannu kamar ta gaske. Ya kira matarsa daga kicin. Ta zo tana goge hannu, ta nufi damansa yadda ta saba yanzu. Ya ce a'a, ta koma can jikin bango ta hagu, ta tako a hankali zuwa wurinsa, shi zai kalli hanya, in ya gan ta zai faɗa. Ta san wannan aikin. Tana amarya ta sha yi masa shi a gareji, tana takawa tana dariya, direbobi suna tsokanarta. Ta ce abinci yana kan wuta. Ya ce ya ƙone.

Ya gyara zama, ya kama sitiyari da hannu biyu, ya kafa ido a kan farin layin. Yana jin ƙarar fankar kwamfuta, yana jin yara suna ƙwallo a waje. Ya jira, bakinsa a shirye da kalmomin nan da ya faɗa sau dubbai. Bango bai motsa ba, babu abin da ya gifta. Ya ƙara jira, har haƙurinsa ya ƙare.

"To, taho mana," ya ce.

Muryarta ta fito daga dab da kunnensa. "Na zo tun ɗazu, maigida. Ga hannuna a gefen fuskarka."

Bai juya ba. Ya daɗe a haka, yana kallon hanyar da babu kowa a kanta. Can ya ce ta miƙo masa waya. Ya kira manaja, suka gaisa, ya ce a ba wani motar, ba zai je gwajin ba. Manaja ya fara ba shi baki, ya katse shi, ya ce abu ɗaya kawai yake roƙo: a gaya wa wanda za a ba cewa notin madubin hagu yana saki in an yi tafiya mai nisa, ya riƙa dubawa.

Ya ajiye wayar, ya lalubi maɓallin da ke ƙasan allon ya kashe. Matarsa ta zagayo ta bayansa ta tsaya a dama, inda zai iya ganinta, sai a lokacin ya ga fuskarta a jiƙe take. Ƙaurin abinci ya cika ɗakin, babu wanda ya motsa.